Jinin Mai Lafiya

"Miƙo yatsanka," ta ce wa mijinta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ɗaukar ta ya zo yi daga ɗakin gwaje-gwaje, ya tarar ba ta gama ba, ya zauna yana kaɗa makullin mota.

"Ni kuma? Dakta, direba na zo yi, ba ɓeran gwaji ba."

"Jinin mai lafiya nake nema. Na marasa lafiya ya cika firji."

Wannan magana ta yi masa daɗi. Mutum ne mai alfahari da cewa rabonsa da asibiti tun ranar da aka haife shi, ranar ma ba da shawararsa aka je ba.

Ta daɗe tana fama da aikin nan. Ɗan siririn gilashi ne da aka shafa wa wani sinadari, shi ba ruwa ba, shi ba daskararre ba, irin wanda ke cikin fuskar waya. In jinin da aka ɗiga lafiyayye ne, sai a ga gilashin baƙi ƙirin a ƙarƙashin na'ura. In akwai ƙwayar ciwon hanta, sinadarin ya karkace, haske ya ratso.

Ta soki yatsan mijin, ya ja tsaki. Ta ɗiga, ta leƙa.

Gilashin ya haska, rawaya da shuɗi, gwanin sha'awa.

Ta ɗauko sabo, ta sake matse yatsan. Ya haska. Ta cire safar hannu, ta soki nata, ta ɗiga. Baƙi. Ta jima tana kallo, tana fatan gilashin ya ba ta kunya. Bai ba ta ba.

"Abin naki ya yi ko bai yi ba?"

"Ya yi. Baban yara, gajiyar nan da kake cewa ta aiki ce, tun yaushe?"

"An kwana biyu. To, barka. Sai mu tsaya a hanya mu saya wa yara wani abu."

Ta wanke hannu a hankali, har tsakanin yatsu.

"Za mu tsaya. Amma mu fara sauka ƙasa, abokiyar aikina ba ta tashi ba tukuna."

"Wacce?"

"Likitar hanta."

Ya dubi audugar da ke yatsansa, ya dube ta. Can ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa.

"To ki ce mata ta yi sauri," ya ce. "Na ajiye mota inda aka hana ajiyewa."