Shaidar Kubra

Kubra ta sake cewa direba ya tsaya. Ta tsuguna bayan wata kuka, fitsarin ya ɗiɗɗigo kamar ruwan barkono. Ta dawo motar tana rawar ɗari, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a kan cikinta da ya fito sosai. Fasinjojin Gwaram suka yi tsaki.

Ciwon sanyi ne, tun kafin azumi. Yayar mijinta, Anti Munira, wadda ta yi kwas a waya ta wayi gari Dakta, ta ce asibiti na marasa wayewa ne. Ta ba ta shayin da take sayarwa: zoɓo, citta da kanumfari, sai dai kwalinsa na da rubutun zinare. Ba a jima ba ta kara mata waya a baki.

"Yi mini shaida, amaryarmu. Ce kin warke."

"Anti, har yanzu da zafi fa."

"Cutar ce ke fita. Yi magana."

Yayar miji ba a yi mata musu. Kubra ta yi magana.

A asibiti a Birnin Kudu nas ta ce ciwon ya hau ƙoda. Ta ɗaura mata ruwa, ta ɗora abin sauraro a kan cikin, ta matsar da shi nan, ta matsar da shi can. Ta daɗe. Sai ta fita kiran likita.

Matar gadon kusa, Zahara'u, ita ma da ciki, ta miƙo wuya.

"Baiwar Allah, ni ma sanyin ne. Allurarsu ta ishe ni, gobe gida zan gudu. Ji abin da zan saya."

Ta danna wayarta. Muryar Kubra ta cika ɗakin, tas da ita: "Wallahi tun da na sha, ko ɗigon zafi babu. Allah ya saka wa Dakta Munira."

"Kin ji ko? An ce ita ma ciki gare ta."

Daidai nan Anti Munira ta yi sallama, ta sha gilas, da fulas a hannu.

Kubra ta dube ta, ta dubi cikinta da bai motsa ba tun safe.

"Sake kunnawa," ta ce wa Zahara'u.

Muryar ta fara. Kubra ta bi ta da baki, kalma bayan kalma, har da wallahin.

Zahara'u ta dubi wayar, ta dubi ledar ruwan da ke ɗiga a hannun Kubra. A hankali ta kife wayar a kan gado.