Ƙullin Maikano

Duk wanda ya taɓa sayen igiya a kasuwar Ƙofa, a shekarun nan da Turawa ke haƙar kuza a Riruwai, ya san Maikano. Tufka ce sana'arsa. Ya jiƙa rama a rafi har ta saki ɓawo, ya wanke, ya shanya, sannan ya zauna gindin ɗorawa yana murza ta a cinya, har cinyarsa ta dama ta daina tsirar gashi. Amma ba igiyar ce ta yi masa suna ba, ƙullinsa ne. In ya ɗaura maka guga, to ka manta da zancen faɗawarta rijiya. Lanƙwasa biyu yake yi, bakin igiyar ya komo ya shige cikin zargensa, ana ja yana ƙara cizawa. In kuwa ya sha ruwa, sai dai wuƙa. Shi kaɗai ya san ta inda ake tura shi baya ya saki.

Yana da ɗa, Surajo, ɗan fari. Maikano kuwa mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. “Wancan” yake ce masa. Jama'a suna ta yabo, wai dattijo mai alkunya. Yabon banza! Mutum yana son ɗansa kamar ransa, amma ko kallon kirki ya kasa yi masa. Ranar da Surajo ya gaji da warin jiƙaƙƙiyar rama ya ce zai tafi Riruwai aikin kuza, uban bai ɗago kai daga tufkarsa ba. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ci gaba da murza.

Damina ta uku da tafiyarsa, wani falke ya tsaya a ƙofar gida ya ce jikin Surajo ya ɗan matsa, yana da kyau a je a duba. Kowa ya san abin da ake nufi in saƙo irin wannan ya yiwo nisa haka. Maikano ya samu motar kaya zuwa Tudun Wada, sauran hanyar ya taka da ƙafa cikin taɓo.

Da hantsi ya shiga barikin ma'aikata. Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar wani ɗaki, maza zaune shiru. Wani saurayi ya taso ya durƙusa a gabansa, idonsa jawur. Rufa'i ne, abokin ɗakin Surajo.

“Baba, sannu da hanya. Sai haƙuri, Baba. Da asuba Allah ya karɓi abinsa.”

Maikano ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Ya tuɓe takalmi ya zauna a bakin tabarma. Fuskarsa ba ta motsa ba, har wasu suka ɗauka maƙwabci ne aka aiko.

Malam Dikko, limamin barikin, shi ya yi wa gawar wanka tare da Rufa'i. Tsoho ne tukuf, hannunsa rawa yake. Da aka naɗe likkafani, aka yago ƙyallaye daga gefen farin yadinsa na alawayyo don ɗauri, sai tsohon ya kasa haɗa bakinsu. Rufa'i kuma kuka ya ci ƙarfinsa. Liman ya leƙo waje.

“Malam Maikano, a garin nan yaron ba shi da kowa sai kai. Shigo ka ɗaura masa.”

A Ƙofa da ba mai ce masa haka. Amma nan ba Ƙofa ba ce. Ya shiga.

Ko yaro ya san ɗaurin likkafani sako-sako ake yin sa, zarge ɗaya, don in an kwantar da mamaci a kabari a ja ya kwance. Maikano ya fi kowa sani. Sai dai da tafin hannunsa ya sauka a kafaɗar ɗansa, ya ji faɗinta, ya ji ashe ta fi tasa, sai hankalinsa ya bar jikinsa. Wayyo, yaushe yaron nan ya girma haka? Hannuwa suka yi abin da suka saba. A ƙafa, a tsakiya, a ka, duk ya yi ƙullin guga, ya ja ya tamke. Cikin duhun ɗakin ba wanda ya lura.

Aka yi salla, aka ɗauki makara. A hanyar maƙabarta yayyafi ya sauko, ba mai yawa ba, daidai wanda zai jiƙa ƙyalle. Can gabas hadari yana haɗowa baƙi ƙirin.

Aka kwantar da Surajo cikin kabari a kan damansa. Liman ya ce a kwance ɗaurin a rufa. Rufa'i da ke cikin ramin ya ja na ƙafa, ƙulli ya cije. Ya sa farce, ya sa ƙarfi, farcen ya ɓalle. Ya koma na tsakiya, haka. Ya ɗago kai a ruɗe.

“Malam, ya ƙi.”

Mutane suka fara gunaguni. Wane ne ya yi wannan ɗauri, sai ka ce kayan jaki? Ba a rufe Musulmi a ɗaure, kuma ga ruwa na shirin cika kabarin. Wani lebura ya laluba ƙugunsa ya zaro wuƙa ya miƙa.

“Kada a sa masa wuƙa!”

Muryar Maikano ce, da ƙarfin da shi kansa bai san yana da shi ba. Kowa ya waiwayo. Ya ce a hankali, “Ni na ɗaura. Fito, ɗana, ba ni wuri.”

Rufa'i ya fito, Maikano ya naɗe riga ya sauka. Wurin ba faɗi, dole ya durƙusa gwiwarsa tana taɓa jikin yaron. Ya kama na ƙafa, ya tura zargen baya da babban yatsa, ya saki. Na tsakiya ma haka, ko numfashi biyu bai yi ba. Ya matsa wajen kai.

Nan ya tsaya. Ta cikin jiƙaƙƙen alawayyo yana jin goshin, yana jin kunnen. Yatsansa ya tura, ƙullin ya saki kamar sauran. Shi ke nan, aiki ya ƙare, saura ya miƙe a jera itace a tura ƙasa. Kuma daga nan har abada ba zai sake taɓa ɗansa ba, shi da bai fara taɓa shi ba sai yau. Ya damƙe bakin ƙyallen biyu da yatsu, ya haɗe su, ya sunkuya ya rufe wurin da jikinsa.

Liman ya ce daga sama, “Malam Maikano, ya kwance?”

“Bai kwance ba tukuna.”

Aka yi tsawa. Ɗigon ruwa ya fara kauri, yana bugun bayansa. Wani ya ce, “Haba, Baba, a karɓi wuƙar nan mana, ruwa fa!”

Malam Dikko ya dogara sandarsa ya leƙa ramin. Tsufa bai hana shi gani ba. Ya ga ƙyallen a warware, ya ga yatsun da ke riƙe da shi, ya ga kafaɗun da ke girgiza. Ya juyo wajen jama'a.

“Ku mai da wuƙarku. Ƙullin ya sha ruwa, ku bar shi ya bi shi a hankali.”

Suka tsaya, ruwa na dukansu. Maikano ya kifa goshinsa a kan na ɗansa ya yi kukan da ba wanda ya taɓa jin ya yi. Sai da ya ji ruwa ya fara taruwa ƙarƙashin gwiwarsa, ya ga zai taɓa kumatun yaron, sannan ya buɗe yatsunsa.

Ya ce, “Ya kwance, Malam.”