Layi na Goma Sha Huɗu

A ofishin nan mai ɗakuna biyu, Mai Tsintsiya suke kiranta, ko da yake ba ta taɓa riƙe tsintsiya a wurin ba. Sunan ya samo asali ne daga wani ɗan rubutun umarni da ta yi wa kwamfuta. Su biyar ne suke haɗa manhajar da ke tsara wa ma'aikatan jinya lokutan aiki, kowa da ɓangarensa. Duk sanda za a harhaɗa ɓangarorin a fitar da sabuwar manhaja, rubutun nata ne ke fara aiki: ya share foldar da aka zuba tarkacen haɗin baya, ya buɗe sabuwa, ya jawo aikin kowa daga rumbu, sannan a shiga haɗi. Rumbun kuwa ma'ajiya ce a babbar kwamfutar ofis, inda kowa ke tura abin da ya rubuta. Yana riƙe da tarihin kowane canji da sunan wanda ya yi shi. Shekara uku rubutun yana shara, ba wanda ya taɓa leƙa cikinsa.

Teburin da ke kusa da nata na wani mutum ne da ya ba ta shekara ashirin, ana ce masa Sai Gobe. Ya iya aiki ƙwarai, amma ba ya son a ga aikinsa da ɗanyensa. In an ce ya tura rumbu, sai ya ce akwai ɗan abin da bai gama gyarawa ba, sai gobe. Ita dai Yaya take ce masa, shi kuma ya ce mata ƙanwata.

Ranar Laraba da hantsi ya ce bari ya gwada haɗi a kwamfutarsa. Ya danna, ya tashi ya je haɗa shayi. Da ya dawo, ya tsaya da kofi a hannu yana kallon allo.

"Ƙanwata, zo ki gani. Ko idona ne?"

Ta turo kujerarta. Foldar aikin gabaɗaya wayam, ko fayil ɗaya babu.

"Kwantar da hankalinka, Yaya, a jawo daga rumbu."

Ta buga umarnin da kanta. Fayiloli suka dawo rututu, na kowa da kowa. Shi kuwa sai ya ajiye kofin a hankali.

"Ɓangaren musayar lokutan aiki ba ya ciki," in ji shi.

"Yaushe rabon da ka tura aikinka?"

Ya sosa ƙeya. Tarihin rumbu ya amsa masa: kwana goma sha tara.

Ta koma teburinta ta buɗe rubutun sharar. Layi arba'in ne duka, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A layi na goma sha huɗu ta tsaya. Layin yana cewa a shiga foldar aiki, a nemo sunan foldar tarkace daga fayil ɗin saituna, a share ta. Bai ce komai ba game da abin da za a yi in ba a sami sunan ba. In sunan ya zo babu komai, abin da ya rage a gaban umarnin shi ne babbar foldar kanta, kuma ita zai share.

Ta buɗe fayil ɗin saitunan. Jiya da yamma an taɓa shi. Tun farko akwai wani harafi da ya ɓace a kalmar da ke riƙe da sunan foldar, ita ta yi kuskuren, kuma rubutunta da kuskuren ya saba nema. Jiya Oga, shugaban ofishin, ya matsa wa Sai Gobe ya tura ko mene ne, shi kuma ya ga kalmar tana masa ciwo a ido, ya cike harafin ya tura. Abin da ya tura ke nan a kwana goma sha tara: harafi ɗaya.

Sai ta kalli agogon bango. Sha biyu saura minti takwas. Kullum ƙarfe sha biyu babbar kwamfuta tana yin haɗi da kanta, kuma da wannan rubutun take farawa. Ta shiga ta dakatar da haɗin, ta sake dubawa sau biyu ta tabbata ya tsaya. Sai a lokacin ta jingina da kujera.

Oga ya fito daga ɗakin ciki da kwamfutarsa a buɗe a hannu, don labari ya riga ya kai masa. Ya duba tarihin rumbu, ya ga sunan wanda ya yi canjin ƙarshe.

"Malam, wata nawa ina fama da kai? Ba ka turawa, ranar da ka tura kuma ka ɓaro mana aiki. Ranar Litinin za mu miƙa wa asibiti. Me zan ce musu?"

Sai Gobe ya sunkuyar da kai. Sauran biyun suka duƙufa a kan allunansu kamar ba sa ji. Tarihin dai sunansa ya nuna, kuma ta san ba mai buɗe rubutunta in ba ita ta ce a buɗe ba.

"Ranka ya daɗe, gyaran da ya yi daidai ne," in ji ta. "Rubutuna ne ya share."

Ta juya masa allon, ta sa yatsa a kan layin. Oga ya karanta, ya sake karantawa, bakinsa yana motsi.

"Shekara uku wannan abin yana nan?"

"Shekara uku."

"Kuma a babbar kwamfuta ma?"

"Na tsayar da shi."

Ya ja dogon numfashi. "To. Ke kin haƙa rami, shi kuma ya tara kayansa a bakin ramin. Ku biyun ku zauna tebur ɗaya har ɓangaren nan ya dawo. Ni zan kira asibiti in ji kunyar."

Da ta koma gida da yamma ta tarar da mahaifiyarta tana ninke kayan jikoki. Ta ba ta labari sama-sama.

"An kore ki?"

"A'a, Mama."

"Shi mutumin an kore shi?"

"A'a."

"To miƙo min wancan kwandon."

Kwana biyar suka yi a tebur ɗaya. Ashe Sai Gobe yana da wani littafi mai baƙin bango da yake zana tunaninsa da biro kafin ya buga, kusan rabin aikin yana ciki. Shi yana karantawa yana tunowa, ita tana bugawa. Duk bayan awa guda takan tura abin da suka yi rumbu ba tare da ta tambaye shi ba. Ranar farko ya yi ta mita cewa mutane za su ga shirme. Rana ta biyu ɗaya daga cikin abokan aikin ya leƙa shirmen, ya nuna musu wata gajerar hanya da ta rage musu aikin yini guda. Daga nan mitar ta yi sauƙi.

A rana ta huɗu, suna cin abincin rana, ya ce, "Ƙanwata, in gaya miki gaskiya? Wancan da ya ɓace, akwai wani wuri da na yi sati guda ina kewaye shi, na kasa. Shi ya hana ni turawa."

"Da ka faɗa ai."

"Da girmana?"

An miƙa wa asibitin aikin ranar Laraba maimakon Litinin. Rubutun shara kuwa ya ƙaru da layi shida. Yanzu in bai sami suna ba sai ya tsaya ya faɗi dalili, in kuma ya ga aikin da ba a tura rumbu ba, ba ya taɓa komai. Ta bi sauran rubuce-rubucenta guda bakwai, ta sami irin wannan ramin a biyu, ta toshe.

Tana cikin toshe na biyun ne ta tuna cewa shekara biyu da suka wuce ta ba wata ƙawarta da ke aiki a wani kamfani can ƙetaren gari kwafin rubutun. Ta ɗauki wayarta. Ta fita baranda ta kira ta, ko gaisuwa ba ta tsaya yi sosai ba.

"Rubutun sharar nan da na ba ki, kuna amfani da shi har yanzu? Kar ku sake kunna shi, akwai matsala a layi na goma sha huɗu."

"Au, wannan?" in ji ƙawar, da abinci a bakinta. "Ai tun satin da kika ba mu muka gyara. Na ɗauka kin sani."

"Ba ki gaya min ba."

"Wallahi na so in kira ki, sai abubuwa suka sha kaina. Ya yara?"

"Lafiya lau," in ji Mai Tsintsiya. Suka ɗan taɓa hira a kan makarantar yara, sannan ta koma ciki ta ci gaba da aikinta.