Safar Hagu

Wutar ba ta yi ƙara ba. Auta dai ta ga farin garin da ke cikin akwatin gilashin ya yi jawur, sai safar robar da ta zura hannuwanta a ciki ta narke a kan fatarta. Ta ƙwalla ihu a kawo yashi, don irin wannan wuta ruwa ƙara tunzura ta yake yi.

Garin nan shi ne digirinta na uku gaba ɗaya, sinadarin ƙarfe ne mai baƙar zuciya, iska na shafarsa sai ya kama. Shi ya sa ake sarrafa shi a rufaffen akwati. Amma safar hagu ta daɗe da tsagewa, kuma Farfesa, shugaban ɗakin binciken, ƙanin mahaifinta da ya riƙe ta tun rasuwar uban, shi ya ce ta liƙe da salatif.

"Sabuwa na hanya, 'yata. Ci gaba da aikinki."

*

Inna, mahaifiyarta, ce ke ba ta abinci a baki, hannuwan suna naɗe da bandeji.

"Gobe in 'yan kwamitin binciken gobarar sun tambaye ki, ki ce gangancinki ne."

"Inna, shi fa ya hana a canja safar! In na amsa laifi korata za su yi, aikina ya koma hannun wani."

"Na ji. To a tsige Baffanki, da wane ido zan kalli dangi?"

Wannan maganar ta fi mata ƙunar ciwo. Auta ta kawar da kai daga cokalin.

*

'Yan kwamiti suka zagaya akwatin. Sabuwar safa ce a jiki, sai ƙyalli take yi, ashe tana iya isowa in ta ga dama. Farfesa ya rantse ko sau ɗaya ba a kawo masa ƙorafi ba. Auta ta nemi idonsa, ya duƙufa goge tabarau. Ta faɗi abin da aka ce ta faɗa.

Da la'asar Inna ta ja ta zuwa falonsa, ta danna mata kafaɗa har ta durƙusa. Baffa ya dubi bandejin, ya yi ajiyar zuciya.

"Ba komai, 'yata. Na yafe miki."

"An gode, an gode," in ji Inna, tana zungurarta ita ma ta faɗa.