Ruwan da Ya Ƙi Saukowa daga Soro

A gidan Malam Bahago da ke Kwarbai, kowa ya san ƙarar nan ta yamma. Da rana ta yi sanyi sai a ji ruwa yana gangarowa daga kan soro ta cikin bututu, ƙululu ƙululu, kamar tsoho yana kurkure baki. Yara su yi dariya, mata su yi tsaki, Malam Zailani kuwa ya ɗaga kai daga littafinsa ya ce, “Ya dawo gida.”

Shi ya haɗa na'urar da hannunsa bayan ya yi ritaya daga koyar da aikin ƙarfe a makarantar sana'a, a shekarun da ake kwana a layin kananzir. A kan soro ya ɗora akwati mai murfin gilashi, cikinsa bututun jan ƙarfe da ya shafa wa baƙin fenti. A ƙasa, gefen makewayi, ya kafa tanki ya naɗe shi da auduga da buhu, da ɗan injin lantarki mai tura ruwa sama. Rana ta gasa bututu, ruwa ya yi zafi ya sauko. Dabarar duka a karkatar take. Akwatin da bututun a ɗan karkace suke, domin da injin ya tsaya, ko don yamma ta yi ko don an ɗauke wuta, ruwan ya koma tanki da kansa. Wanda ya maƙale a sama cikin rana tafasa zai yi ya fasa bututu. Ya faɗi wannan a zaure, ya faɗa a tsakar gida, har wansa Alhaji Nasidi, wanda shi ne maigida tun rasuwar mahaifinsu Malam Bahago, ya ce ko ladan bai kai shi maimaita magana ba.

Saboda Asama'u ya yi wannan wahala. Ita kaɗai ce 'yarsa, yana kiran ta Uwa don sunan mahaifiyarsa ta ci. Uwarta, Ramatu, a wankan jegonta ta rasu. An yi ta tsoma reshen darbejiya a tafasasshen ruwa ana fyaɗa mata safe da yamma, ana hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa, ana ɗura mata kunun kanwa, har ƙafafunta suka kumbura numfashi ya gagara. Likita ya ce zuciya ce ta gaza, ya kuma faɗi abin da ya gajiyar da ita. Mutanen gida suka ce sanyi ne ya shige ta, wato wutar ce ba ta isa ba. Zailani bai sake aure ba, bai kuma yafe wannan magana ba.

Yanzu ga Asama'u ta dawo gida haihuwar fari, kuma wankan yana hannun Barira, yayar Zailani, wadda ta yi wa Ramatu. Da ƙyar shi da ita suka yi sulhu. Muddin na'ura na ba da ruwa mai ɗumi, ba za a ɗora tukunya ba, ba za a hura wutar gado ba.

“Amma ranar da abin nan naka ya ƙi,” in ji Barira, “ni da itacena.”

Itacen kuwa yana nan, dangin miji sun aiko kamar yadda aka saba, an jibge shi jikin tanki kamar mai jiran gado.

Kwanakin da Zailani ya yi yana zarya asibiti wurin haihuwar Asama'u, Alhaji Nasidi ya kira Inuwa magini ya yi wa soro yaɓen da ake yi kafin damina. Ranar da aka dawo da mai jego da jaririnta, Zailani ya zauna da yamma yana saurare. Injin ya tsaya. Shiru. Ruwa bai dawo gida ba.

Ya sami wansa a zaure yana jan carbi.

“Yaya, me Inuwa ya taɓa a kan soro?”

“Yaɓe ya yi. Ka gode ma, ba a ce ka kawo komai ba.”

“Ruwa bai sauko ba. Zan hau in duba.”

“Ba za ka hau ba.” Alhaji bai ko ɗago ba. “Gida cike da mata 'yan barka, ga iyalan Malam Shehu a bayanmu suna takaba. Namiji ya hau soro ya leƙa tsakar gidan mutane? Ka bari sai bayan suna, a aika a gaya wa maƙwabta, sannan ka hau ka yi wasanka.”

“Wasa, Yaya?”

“To, karatunka.”

Haka dokar birni take, Zailani ya sani. Ba a hawa soro sai maigida ya yarda, sai an bi gida-gida an ce mata su shige ɗaka. Doka ce mai kyau. Abin da ya ƙona masa rai shi ne yadda ta zo daidai da son ran mai faɗinta.

Da safe bai hana injin tashi ba, don in bai tashi ba tanki zai huce, in tanki ya huce Barira ta sami abin da take jira. Ya zauna yana fatan kunnensa ne ya yi masa ƙarya. Da hantsi aka ɗauke wuta. Rana ta take, irin ta bazara mai sa ƙadangare neman inuwa. Ba a daɗe ba aka ji wani abu ya yi tas a sama. Da azahar aka dawo da wuta, injin ya tashi yana tura ruwa, sai ga indararon ɗakin mai jego yana zubar da jan ruwa, sama kuwa ko gajimare babu.

Zailani ya kashe injin, ya jawo tsani. Bai nemi izinin kowa ba. Yana hawa yana ihu, “Namiji zai hau soro! Wadda ba ta shige ba ita ta so!” Ta ko'ina aka ji salati da ƙarar kwanuka.

Abin da ya gani ya sa shi tsayawa. An ɗaga gefen akwatin da tubali an daidaita shi tsaf. Bututun da ya bari a gangare an miƙe shi, an binne rabinsa cikin yaɓe, aka ɗaga shi ya haye bakin soro ya sauka, an kuma shafe wurin sumul, aiki mai kyau ƙwarai. Ruwan da ya maƙale ya tafasa ya tsage bututu, injin kuma ya juye sauran a kan ɗanyen yaɓe. Ƙafarsa ta nutse a laka, daidai saman gadon Asama'u.

“Ku fitar da Uwa daga ɗakin nan!” ya daka tsawa. “Yanzu!”

Da ya sauko, an fito da ita rungume da jariri, ƙasa na zubowa daga tsakanin azara. Alhaji Nasidi yana tsaye da babbar rigarsa, ransa a ɓace.

“Ka tona mana asiri a unguwa, Zailani.”

“Wa ya ce a miƙe bututun?”

“Ni na ce. Inuwa ya ce a bari, na ce a'a. Masu wucewa masallaci suna hango abu a karkace a kan gidan Malam Bahago, kamar ba mu da magini? Gyara na sa aka yi maka.”

“Gyara.” Zailani ya yi dariyar da ba ta da daɗi. “Yaya, ka karantar da rabin unguwar nan hukuncin ruwa, wanda ya tsarkaka da wanda ya gurɓata, amma ba ka taɓa lura cewa ba ya hawa tudu ba? Indararon da ke kanka ma a karkace yake. Ka sa a miƙe shi mana, don mutunci.”

“Da yayanka kake magana.”

“Na sani. Da wani ne, da tuni na gama.”

Barira ba ta tsaya sauraron su ba. Ta riga ta jawo babbar tukunya ta ɗora kan murhu, fuskarta wasai kamar ranar salla.

“Alkawari dai alkawari ne,” ta ce. “Abinka ya ƙi. Yarinya ta ga ruwan gaske yau, kafin sanyi ya yi mata irin ta uwarta.”

Zailani ya dube ta, ya dubi Asama'u da ke zaune kan tabarma, ƙafafunta a miƙe. Sirara ne, irin na Ramatu kafin a fara. Ya je jikin tanki, ya kama bakin famfon ƙasa ya juya shi zuwa tarin itacen, ya buɗe har ƙarshe. Ruwan da ya rage ya tsiyaye a kai. Da ya ƙare, ya ɗauki guga ya nufi rijiya, ya riƙa ja yana sheƙa wa itacen, Barira na kururuwa tana kiran sunan iyayensu, har ba sauran ƙirare ɗaya busasshe.

“Itacen surukai!” in ji ta. “Da wane ido za mu dube su? To, a bazara muke, gobe warhaka ya bushe.”

“Gobe warhaka ina nan, rijiya ma tana nan.”

“Ke Asama'u, kina ganin abin da ubanki yake yi?”

Asama'u ta gyara wa jaririn kwanciya, ba ta ɗago ba. “Goggo, jiya da ruwan Baba kika yi mini, kuma na yi barci.”

Alhaji ya juya zai koma zaure. “Daga yau ba mai sake hawa soron nan.”

Zailani ya riga ya ɗauko gudumarsa da garwashin liƙi a cikin kasko. Ya sa ƙafa a tsani.

“Ka aika a gaya wa maƙwabta, Yaya,” ya ce. “Zan daɗe a sama. Aikin Inuwa yana da ƙarfi, sai na farfasa.”