Hanyar Ruwa a Unguwar Kawu Audu

Tun ranar da aka kira sunan Mudassir cikin waɗanda suka ci bak, jarrabawar gama sakandare, Kawu Audu ya yanke masa rayuwa ya ɗinke, ko awo bai yi ba. Kasuwanci zai karanta a jami'a, ya dawo ya riƙe masa butik, wato shagonsa na kayan gini da ke bakin kasuwar Tasawa. Duk wanda ya zo sayen ƙusa sai ya sha wannan labari, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Mudassir ɗan ƙanwarsa ne. Daga Baudeta aka kawo shi lokacin da zai shiga lise, wato babbar sakandare, ya tarar Kawu ya riga ya gina masa ɗaki a jikin katangar gida, ƙofarsa na kallon waje, don kada hayaniyar yara ta hana shi karatu. Ci da sha da sutura duk Kawu ne, bai taɓa yi masa gori ba. To wanda ya yi maka haka, da wane baki za ka ce masa a'a? Ga shi kuwa zuciyar yaron tana can wurin karatun tsara birane, tun da wani malaminsu ya shimfiɗa musu taswirar gari ya nuna musu yadda ake fitar da titi da kasuwa da magudanar ruwa. Lokacin zaɓen fanni yana ta matsowa. Kullum zai je butik da niyyar magana, sai ya ɓige da jera gwangwanayen fenti.

Ana cikin haka aka tafka ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya taru a unguwar ya rasa inda zai bi, ya afka gidan Inna Kadijatu, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ya kayar mata da katanga, ya jiƙa ɗan geron da ya rage mata. Da hantsi maza suka hallara a gindin dogon yaro wurin mai unguwa Mahmudu, ana jajanta wa juna, ana shawarar wanda zai kawo tubali da wanda zai kawo jaki.

"Ruwa na Allah ne," in ji mai unguwa. "Sai mu tada mata bango, mu yi haƙuri."

Nan fa Mudassir ya ga dama ta samu. Ga Kawu zaune, ga dattawa, yau zai nuna cewa karatun da yake so ba shirme ba ne. Yaron da bai iya buɗe baki a butik ba, sai ga shi ya miƙe tsakiyar manya ya tsinci kara.

"Ku gahwarce ni, Baba. Ruwa na Allah ne, amma wagga ɓanna ta mutum ce."

Ya duƙa yana zane a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ga masallaci, ga rijiya, ga gangare, ga tabki can ƙasa. Ya yi bayani tiryan-tiryan, har da Faransanci yana yayyafawa, wai don abin ya yi armashi.

"Dole da can akwai lungun da ruwan ga ke bi shi hwaɗa tabki. Wani ne ya yi gini bisa hanyar. Ko kun tada bangon, baɗi sai ya sake hwaɗuwa."

Wuri ya yi tsit. Wani ya shiga gyara hularsa, wani ya tsura wa yatsun ƙafarsa ido. Mai unguwa ya yi gyaran murya.

"To, Allah shi yi albarka, mun jiya. Zamna hakanan."

Da mai hankali ne da ya zauna. Amma Mudassir ya ɗauka shirun nan na mamakin iliminsa ne, kansa ya ƙara girma.

"Baba, ai ba a yin shiru ga irin wannan. Wanda duk ya toshe lungun ga, son kai gare shi, ba ya da tausan maƙwabci. Shi ya kada bangon Inna. Ku taho in gwada muku wurin."

Ba wanda ya motsa sai Kawu Audu. Ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Mu tahi." Ganin haka sauran suka bi baya, ba don suna so ba.

Mudassir na gaba da karansa, yana bin layin da ruwa ya bari a jikin katangu, yana bin tarkacen da ya kwaso. Ya wuce rijiya, ya sha kwana, ya gangara, idonsa na ƙasa. Inda shara da kumfa suka taru suka yi dandazo, nan ya tsaya ya dafa bango da tafin hannu.

"Ga shi nan!"

Sannan ya ɗaga kai. Ƙofar langa-langa ce shuɗiya, ga wandonsa da ya shanya jiya yana ɗiga a kan igiya. Ɗakinsa ne.

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Karan ya suɓuce daga hannunsa. Ashe kaf unguwar ba wanda bai sani ba. A bakin lungun Kawu ya yi ginin, don babu wani fili, kuma sai da ya nemi izinin Inna Kadijatu, ta ce a gina, ai yaro karatu zai yi. Kowace damina tana kwashe ruwa daga tsakar gidanta da ƙwarya, ba ta taɓa kai ƙara ba, maƙwabta kuma suka yi kara suka kama bakinsu. Shi da aka yi wa rufin asirin, shi ya zo ya yaye shi a bainar jama'a, har da zagi.

Kawu ya juya ya nufi kasuwa, mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Mudassir bai iya cin abinci ba. Kunya ta hana shi shiga gida, ta hana shi zama a ɗakin. Bayan la'asar ya ja ƙafa zuwa butik, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Kawu, ka yahe mani. Kasuwancin zan karanta."

Kawu Audu ya ci gaba da auna wa wani igiya, sai da ya sallame shi sannan ya waiwayo.

"Yanzu? Don a ce na huce haushi bisa kanka? Ba ni son kasuwancin da kunya ta sa ka. Da can mi ya hana ka iske ni zaure ka ce ga abin da kake so? Dodo ne ni?"

Mudassir ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan siminti.

"Abin da ka hwaɗi gaskiya ne, shi ya sa ya yi mani zahi. Tahi ka karanci tsarin garinka. Amma ka koyo har da inda ake hwaɗin magana."

Ya miƙa hannu bayan kanta ya zaro sabuwar diga, ya ajiye a gabansa.

"Gobe ka hidda kayanka daga ɗakin. Kai ka gano shi, kai za ka rushe shi."

Washegari da safe Mudassir ya tara littattafansa da katifa a gindin katanga, ya hau aiki. Masu wucewa suna cewa sannu da aiki, suna kau da kai, shi kuwa da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya fasa bangon baya ke nan, sai ya ji muryar da tun jiya yake gudun haɗuwa da mai ita. Inna Kadijatu ce tsaye da sandarta, tana duban kayansa a ƙasa.

"Kai, ɗan nan, yanzu ina za ka kwana? Kwaso kayanka. Akwai ɗaki guda wurina da ruwa bai shiga ba."

Mudassir ya tsaya riƙe da diga, ya kasa ɗaga ido ya dube ta.