Tsakin da Sista Ta Ji a Hedifon

Sista ta daɗe da barin aikin asibiti, amma sunan ya ƙi barin ta. Har mijinta, Malam, haka yake kiran ta, musamman in tsokana ta motsa masa. Ta yi shekaru a ɗakin haihuwa tana kanga ƙaho a cikin masu juna biyu, tana sauraron bugun zuciyar jariran da ba su iso duniya ba. Saboda haka ka yi musu da ita a kan komai, amma ban da kunnenta. In ta ce ta ji abu, to ta ji shi.

Autansu ne ya aiko mata da hedifon, irin mai soso biyun nan da ake kifawa a kunnuwa, mai doguwar igiya da ake sokawa a waya. Aiki ya kai shi wani gari mai nisa, shi da matarsa, kuma ya gaji da jin uwarsa tana kukan ciwon kafaɗa saboda riƙon waya, tunda hirarsu ba mai ƙarewa da wuri ba ce. Duk ƙarshen mako da yamma yakan kira. Sista sai ta zauna a kujerarta ta jikin bango, ta kifa hedifon a kan ɗankwali, ta miƙe ƙafafu. Malam yakan leƙo ta saman jarida ya tambaye ta ko jirgin ya kusa tashi, ya ɗaura bel. Ita kuwa sai ta ci gaba da hirarta.

Hirar tana da tsarinta. Auta ne ke farawa, a bi lafiyar gida, a bi ta dangi ɗaya bayan ɗaya, a koma kan maƙwabta, a yi gulmar mai gidan da yake haya. Sai can in magana ta fara ƙarewa ya ce, “Mama, ga ta nan ku gaisa,” ya miƙa wa matarsa. Yarinya ce mai sanyin murya, mai ladabi, ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli Sista ba tun da aka kawo ta. Ita kuwa Sista ba ta iya gaisuwa kawai ta ajiye. Dole ta ɗora da nasiha: a rage shan ruwan sanyi, kada a kwana da fanka a kai, a daina barin Auta yana fita aiki ba karyawa.

A tsakiyar irin wannan nasiha ne ta fara jin abin. Wani ɗan gunaguni ne ƙasa-ƙasa, mmmm, kamar mutum ya rufe baki yana mita, sai kuma can ya tsinke da tsss. Ta yi shiru ta kasa kunne. Yarinyar ta ce, “To Mama, in Allah ya yarda za a kiyaye,” da muryar nan tata mai laushi. Sista ta ci gaba da magana, abin ya ci gaba. Haka har ta kashe wayar. Mako na gaba ma haka, na bayansa ma haka. Sai ta fara gajarce gaisuwa. “Lafiya lau. To madalla. Ba ni shi.”

Ba ta gaya wa kowa ba sai da abin ya cika mata ciki. Wata safiya tana goge tabarau ta ce, “Malam, yarinyar nan tsaki take mini.”

“Wace yarinya?”

“Matar Auta mana. Ina magana tana gunaguni, tana tsaki. In na yi shiru kuma ta ce to Mama.”

Malam ya ajiye kofin da ke hannunsa. Tsohon malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma tun da ya yi ritaya yake neman abin da zai gwada bai samu ba, ban da agogon bango da ya kwance ya kasa mayarwa.

“Yarinyar da ko sunanki ba ta iya faɗa? Sista, ba hedifon ɗin ba ne kuwa?”

“Hedifon ne ya san lokacin da nake nasiha?”

“Kawo shi. Ba a yanke hukunci sai an yi gwaji. Abu ɗaya ake canzawa, a saurara, sannan a canza na gaba.”

Ya share teburin falo, ya shimfiɗa tawul kamar mai shirin tiyata. Da farko ya kunna mata labarai a wayarta, ya kifa mata hedifon, ya bi igiyar da yatsu yana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan tun daga kunne har bakin da ake sokawa. Ya ce in akwai inda ta karye a ciki, nan za ta yi ƙara. Mai karanta labarai ya yi ta zuba, murya tas.

“Ka gani?” in ji Sista.

“Ba mu gama ba.”

Ya zare igiyar, ya haska ramin wayar da tocila, ya naɗa auduga a tsinken sakace ya zura a hankali. Ya fito da wani dunƙulen zare da ƙura, irin na ƙasan jaka. Ya ɗaga shi sama yana murmushi.

“Ga surukarki nan. Ku gaisa.”

Sista ta harare shi, amma a ranta ta so a ce shi ne. Ya goge bakin igiyar da gefen riga, ya ƙure ƙarar, ya rage ta, ya soka hedifon a tasa wayar, ya mayar a tata. Ya sa ta kira ƙanwarta, suka gaisa, ta ce babu komai, lafiyarta kawai take tambaya. Ƙanwar ta yi mamaki, don Sista ba ta kira sai da dalili. Ba gunaguni, ba tsaki. Malam ya ce shi ke nan, datti ne, an gama.

Ƙarshen mako ya zo, Auta ya kira, aka yi hira lafiya lau. Aka miƙa wa matarsa, Sista ta fara maganar ruwan sanyi, sai ga mmmm, sai ga tsss. Da ta ajiye wayar sai ta juyo ta zuba wa Malam ido.

“Ya dawo?”

“Ba inda ta je, balle ta dawo. Kai da kanka ka gwada. Labarai ba su yi mini tsaki ba, ƙanwata ba ta yi ba, ɗana bai yi ba. Saura wa? Ai kimiyyar taka ce ta kama ta.”

Wannan magana ta tsaya wa Malam a rai. Ya kwana biyu yana zagaya hedifon, yana ƙwanƙwasa soson da farce. Ya ce ko sabis ne, ta ce sabis ɗin da ke jiran a miƙa waya kafin ya lalace. Ya ce ko fanka ce a ɗakinsu, ta ce ai ta hana su kwana da fanka, in kuwa ita ce to laifi ya zama biyu. Har ya kai ga cewa ko kunnen ne ya fara gajiya, shekaru sun ja. Bai ƙarasa ba ya ga yadda ta ajiye tabarau, ya ce wasa yake.

Ita kuwa abin ya fi damun ta fiye da yadda take nunawa. Tana son yarinyar. Ita ce ma ta tsaya wa Auta lokacin da ya kawo maganarta. Ta yi ta juya abin a ranta, ko ta cika surutu ne, ko nasihar ta yi yawa. Ta yanke shawara daga yanzu gaisuwa kawai za ta riƙa yi, kowa ya riƙe girmansa.

Da kira na gaba ya shigo, Malam ya naɗe jaridarsa, ya jawo kujera ya zauna dab da ita.

“Me kuma?” ta tambaya da ido.

“Ci gaba. Kallo kawai nake.”

Aka bi gida, aka bi dangi, aka bi maƙwabta. Hira ta yi nisa, wayar ta yi ɗan kukan nan na batir ya yi ƙasa. Sista, ba tare da ta ko duba ba, ta miƙa hannu bayan kujera ta jawo igiyar caja ta soka, bakinta bai daina magana ba. Jim kaɗan Auta ya ce, “Mama, ga ta nan.” Yarinyar ta yi sallama, ta gaishe ta. Sista ta amsa a daƙile, sai fuskarta ta canza. Ta ɗaga soso ɗaya daga kunnenta ta nuna wa Malam, alamar zo ka ji da kunnenka.

Malam ya sunkuyo ya manna kunnensa, kansu ya haɗu. Ya ji shi sarai, mmmm, tsss. Ya bi igiyar cajar da kallo har bango. Ya sa hannu ya zare ta daga wayar. Shiru, kamar an rufe famfo. Ya mayar, mmmm. Ya zare, shiru. Ya sake mayarwa, don dai daɗin abin.

“Ya isa,” in ji Sista ƙasa-ƙasa, ta rufe ɗan makirufon da ke jikin igiyar da tafin hannu.

“Kullum sai hira ta cinye batir kike sa caji,” ya raɗa mata, “kuma daidai nan ake miƙa mata waya. Baiwar Allah tana can tana to Mama, to Mama, ke kina nan kina fushi da soket.”

Kafaɗunsa suna rawa saboda dariyar da yake dannewa. Sista ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta sunkuyar da kai, idonta ya sauka kan cajar da ke hannunsa. Ta karɓa ta juya ta. Wata ’yar baƙa ce mara nauyi kamar kwalin ashana, rubutun jikinta ma a karkace.

“Malam, wannan ba cajata ba ce. Tawa fara ce, wadda ta zo da wayar.”

Dariyar ta tsaya.

“Ina tawa?”

“Tana ɗakina. Tawa ce ta mutu, na ɗan ara. Wannan kuwa a bakin titi na samo miki, da araha, mai ita ya rantse duk ɗaya ne.”

“Duk ɗaya ne,” ta maimaita a hankali. “Malamin kimiyya.”

Daga cikin hedifon wata ƙaramar murya tana ta kira. “Mama? Mama, kina ji na? Ko ya katse ne?”

Sista ta gyara zaman hedifon, ta gyara murya. “Ina jin ki, ’yata. Tas nake jin ki. Ya gida, ya aiki? Kin ce ƙafarki tana ciwo kwanaki, ta daina?”

Yarinyar ta yi mamaki, don ta kwana biyu ba ta ji irin wannan tambaya ba. Sannan ta ce da sauƙi. Aka yi hira, har ta saki jiki ta ce, “Mama, ni fa na ɗauka wani laifi na yi. Na tambaye shi, ya ce shi ma bai sani ba. Na ce ko in kira ki in ba da haƙuri.”

“Laifin me? Babu abin da kika yi. Babanku ne ya sayo mini wata caja mai surutu, in na sa ta ba na jin magana sosai.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan, Malam kuwa bai ga fuskar ƙara komai a kai ba.

Yarinyar ta yi dariya, irin wadda Sista ba ta taɓa ji daga bakinta ba. “Ashe abin har da ku. Mu ma nan muna jin wata ƙara daga wajenku, amma tamu kamar muryar mutum ce.”

“Muryar mutum?”

“Eh, daga ɗan nesa. Da kin fara yi mana faɗan ruwan sanyi sai mu ji an ce, to fa, an fara. Wani lokaci kuma a ce, a bar yara su huta. Shi ya ce in yi shiru, wai rediyo ne.”

Sista ta juya a hankali. Malam ya riga ya miƙe, jarida a hammata, ya kai bakin ƙofa.

“Ina zuwa?”

“Cajarki zan ɗauko miki.”

“Ɗauko. Ka dawo ka zauna nan inda nake ganin bakinka.” Ta koma kan wayar. “’Yata, rabu da shi. Wannan rediyon tun kafin a haifi mijinki nake fama da shi, ba ya gyaruwa. Ina muka tsaya? Yauwa, ƙafar. Wane irin takalmi kike sawa zuwa aiki?”